Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Hanyar Makaranta

…goma sha ɗaya ne, ko sha uku? Taku sha ɗaya daga gindin ɗorawa, a fuskanci gabas. To ina ɗorawar? Mati yana tsaye a filin da har bara gonarsa ce, kafin ya ba da shi a gina makaranta, hantsi na dukan ƙeyarsa, yana neman bishiyar da ya san babu ita. Ranar Talata katafila ta tumɓuke ta, ta kwashe har saiwa, ta baje ƙasa sumul. Shi yana Malumfashi wajen ta'aziyya. Da yana nan ma me zai ce? Ku bar min ita, da ita nake gane inda na rufe rijiya?

Rijiya... gaba goma sha biyu zurfinta. Ta ƙafe, akuyar Gwaggo ta faɗa, shi ne shi da yayansa Maitama suka jera azara biyar a bakinta, kara a kai, ƙasa a kai. Cikewa sai bayan girbi, in ji Yaya Maitama. Bayan girbi. An yi girbi ashirin da shida, Yaya, kai ka tafi ka kwanta abinka, ka bar ni da rami. Ciyawar gamba ya bari ta tsiro a wurin, ko shanun huɗa bai taɓa bari sun bi ta kai ba. Gambar ma katafila ta share.

Ga turaku nan da jan ƙyalle, layi biyu, daga bakin titi har inda za a sa ƙofar makaranta. Nan hanya. Hagu falwayoyin lantarki, dama bututun ruwa daga bohol, can ƙasa kwalbati. Komai an zana shi tsaf a takarda — takarda ta san azara? Ta san gara? Shekara ashirin da shida gara na cin abincinta a ƙarƙashin nan, ba ta da mai hana ta.

Kuma an tambaye shi. Abin da ke cin ransa ke nan, an tambaye shi. Injiniya Ugochukwu, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar ta Bakatsine, ya rusuna a gaban mai unguwa da liman da kowa: "Baba, akwai tsohon rami ko kabari a filin nan?" Shi kuwa baki ya riga tunani. "Babu komai, ɗana." Babu komai! Mutanen tsallaken rafi sun ba da nasu filin, suna jiran a ce kule su ce cas. A ji kalmar rami, a naɗe takardu, makaranta ta haye rafi — yaran garin nan su ci gaba da tafiya makarantar Dayi a ƙasa, damina da rani. Da wane ido zai dubi mutane? Ranar Juma'a liman ya ambaci sunansa, sadaka mai gudana, har wasu suka fara ce masa Alhaji, shi da ko Kano sau biyu ya taɓa zuwa. Ya ji daɗi. Ƙarya ce ya ce bai ji daɗi ba.

Gobe tifofi za su fara zuba jar ƙasa. In ta rufta da tifa... direba ɗan mutane, wa ya san 'ya'yansa nawa? In kuma ba ta rufta ba — wannan ce ta fi tsayar masa da numfashi. A danne, a shafe, a yanka ƙyalle, a yi tafi. Damina ɗaya, damina biyu. Sai wata Alhamis an kaɗa ƙararrawar tashi, yara su fito a guje kamar yadda suke fitowa, ba mai duban ƙasa. Nana Khadija, jikarsa, ita ce kullum a gaba, yarinyar ba ta iya tafiya ba sai gudu. An riga an yanko mata yadin hijabin makaranta. Shi ya yanko.

Ya faɗa kawai. Ya je ya ce na yi ƙarya, ni tsoho da furfurata. Kunya ba ta kisa... ba ta kisa? To ya faɗa, sai su ce a ina, Baba? Ya nuna ina? Nan? Can wajen turke na huɗu? A tone fili duka? Ko ta faɗa cikin aji ma, ba kan hanya ba? Gabas ɗin ma, daga ina zai fara fuskantarta, tunda...

Ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ƙasar da ya yi shekara arba'in yana nomawa, yau tsoronta yake ji, ko'ina iri ɗaya, ja, lallausa, shiru. Wataƙila a kanta yake tsaye.

Ga Injiniya can ya fito daga mota, takarda a naɗe a hammata, takalma masu nauyi. Ba ta gefen turaku ya biyo ba, ya yanko ta tsakiyar fili, kai tsaye wurinsa. Mati yana kallon kowane taku. Kalmar tsaya ta ƙi fita. Ya ɗaga hannu — tsaya, ɗana, tsaya nan —

Injiniya ya ga hannu a sama, ya yi murmushi, ya ɗaga nasa. Ya ƙara sauri.