Zagin da Na Karanta wa Surukina

Shekara bakwai da aurena ban taɓa cin abinci a gaban surukina ba. Ruwa ma sai na juya baya nake sha. In na je gaishe shi, tun daga bakin ƙofa nake cire takalmi, in durƙusa can nesa. Ya ce, "Malam, an zo lafiya?" In ce, "Lafiya lau, Baba." Shi ke nan hira ta ƙare. Tsohon injiniya ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kula da na'urorin wani gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Maganarsa tsada gare ta. Tunda matarsa ta rasu, abin da na san yana yi bai wuce kiwon kaji a bayan gida da sauraron labarai ba.

Ni kuwa a maɗaba'a nake aiki, ina tsara shafuka kafin a buga. Bara waccan matata ta dawo daga gidansu da wani tsohon akwatin wasa, irin wanda ake jona wa talabijin a cusa masa kaset ta sama. Ta ce da shi suka yi ƙuruciya ita da yayyenta. Muka goge ƙura muka kunna, sai ga shi ya tashi garau.

"Ka san har yanzu akwai masu rubuta masa sababbin wasanni?" in ji ta. "Na ji ana maganar wani abu wai shi Tsani. Ka duba, tunda kai ba ka gajiya da kwamfuta."

Na duba, na kuwa faɗa ciki tsundum. Tsani injin wasa ne, wato shiri ne da wani ya riga ya rubuta, wanda ke kula da zane da sauti da maɓallan hannu. Kamar a gina maka harsashi da bango ne, kai naka rufi da fenti. In ka gama rubuta wasanka sai ka zuba shi a wani kaset na musamman mai cin katin waya, ka cusa a akwatin. Kyauta ake ba da Tsani. Akwai dandali a intanet inda masu amfani da shi ke haɗuwa, mu kusan ɗari uku daga ƙasashe daban-daban, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Ni na zama Barkono. Wanda ya ƙirƙiri injin kuma yake kula da shi, Kunkuru yake kiran kansa. Ba wanda ya san fuskarsa.

Wasana na wata akuya ne da ke tsere wa mahauta a cikin kasuwa. In ta tsira, sai a ji dariyar yarinya. Dariyar 'yarmu ce mai shekara huɗu, na ɗauka da waya na matse ta har ta shiga kaset. Komai na tafiya daidai sai abu ɗaya: da zarar mahauta sun haura takwas a allo, kiɗa kuma na tashi, sai hoto ya daskare kamar ƙiftawar ido, akuya ta faɗa hannun wuƙa.

Na rubuta wa Kunkuru cikin ladabi. Sai da ya kwana tara ya amsa: "Ba kuskure ba ne. Rage mahauta."

Nan fa raina ya ɓaci. Na zauna na bi rubutun injin layi-layi, wata biyu, har na gano inda matsalar take. Daga nan bakina ya buɗe. Mutum in ba a ganin fuskarsa, jarumi ne. Shekara ɗaya da rabi muna fafatawa a gaban jama'ar dandali, ni in zuba shafi guda, shi ya amsa da layi ɗaya.

Wata Asabar da hantsi matata ta ce fankar falon Baba na ƙara, in je in duba. Na ɗauki sukundireba na tafi. Na gaishe shi, na hau kujera, na ɗaure ƙusoshin da suka saki. Ina saukowa sai na ji muryarsa daga ɗakin ƙurya, ɗakin da kullum yake kulle.

"Malam, shigo mana. Idona ya ƙi yau, zo ka karanta mini wani abu."

Na yi sallama na ɗaga labule, sai na tsaya cak.

Akwatunan wasa guda huɗu ne jere a kan tebur, biyu an kwance murfinsu, wayoyi ja da baƙi sun fito daga cikinsu kamar hanji. Ga tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, ga ƙarfen lanƙaya dalma a kan mazauninsa, ga kaset-kaset cike da kwali. A tsakiya kwamfuta ce, an ƙara girman haruffanta har kowanne ya kai ɗan yatsa. Shafin da ke buɗe na san shi kamar yunwar cikina. Dandalinmu ne. A kusurwar sama, inda ake nuna sunan mai shiga, an rubuta Kunkuru.

Sukundireban ya suɓuce daga hannuna ya faɗi a kan siminti.

"Ɗauki abinka ka zauna," in ji Baba. Ya nuna mini kujerarsa, shi ya koma kan benci. "Wani yaro ne yake turo mini saƙo. Na jiya ban iya karanta shi ba. Karanta da ƙarfi, kunnen ma ba shi da kirki."

Na zauna a gefen kujerar. Saƙon nawa ne, jiya da azahar na rubuta shi a wurin aiki ina dariya. Na yi tunanin in ce fitsari ya matse ni. Na yi tunanin in ƙirƙiro wasu kalmomi. Amma haruffan manya ne, kuma ban san iyakar abin da yake gani ba.

"Ya ce..." Na matso kusa da allon. "Ya ce, layi na ɗari huɗu da goma sha biyu, da ƙafa aka rubuta shi."

"Uhm. Ci gaba."

"Ya ce, Kunkuru, wanda ya raɗa maka suna ya san ka. Shekara ɗaya da rabi kana rarrafe a kan kuskure ɗaya."

"Ina jin ka."

"Baba, sauran ba shi da amfani."

"Karanta, Malam."

Muryata ta koma kamar ta sauro. "Ya ce, in tsufa ne ya hana ka gani, ka ba masu jini a jika wuri, ka koma kiwon kaji."

Daidai lokacin wani zakara ya yi cara a bayan taga. Da ƙasa za ta tsage, da na shige na ja ta na rufe. Wallahi ban san Kunkuru tsoho ba ne, ban san yana da ko ƙwai ba, baƙar magana ce kawai ta zo mini.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "To, kai me ka gani game da wannan yaro?"

"Ba shi da tarbiyya, Baba," na ce da sauri. "Ko kaɗan. Irin waɗannan ba a kula su."

"Haka ne. Amma yana da gaskiya?"

Na shiga jujjuya sukundireban da ke hannuna.

"Layin nan na ɗari huɗu da goma sha biyu nake tambaya. Yana da gaskiya ko ba shi da ita?"

"Kamar... kamar yana da ita. Ana tura sauti ne a daidai lokacin da ya kamata a tura hoto, sai ɗaya ya jira ɗaya. Da za a raba aikin gida biyu..." Sai na ji abin da bakina ke faɗa. Mai gyaran fanka ina ya san wannan? Na kama bakin da hannu.

Baba ya yi dariya. Shekara bakwai ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan. Ya yi ta yi har da tari.

"Barkono," ya ce, "sauke hannunka."

Ban san lokacin da na zame daga kujera na durƙusa ba. "Baba, don girman Allah ka yafe mini. Wallahi tallahi ban sani ba. Da na sani, da hannuna ya shanye kafin in rubuta."

"Na san ba ka sani ba. Ni ne na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ɗora wasan akuyar nan a dandali. Na zuba shi a kaset, na tsallake mahautanka, sai na ji amaryata tana dariya a talabijin." Haka yake kiran jikarsa. "Ko cikin yara dubu ta yi dariya zan gane ta. Na kira uwarta na tambaya, ta ce e, kai ne. Na ce kada ta kuskura ta gaya maka."

Wato matar da nake karanta wa saƙonnin nan a kan tabarma, ina cewa zo ki ji yadda na wanke Kunkuru, tana cewa "Kai dai ka bi a hankali," ubanta nake wankewa tana ji.

"Amma Baba, me ya sa ka bari?"

"Da na faɗa maka, me za ka riƙa rubutowa? Allah ya ƙara girma, Baba, aiki ya yi kyau, Baba. Mutum ɗari uku a dandalin nan, kowa godiya yake yi. Kai kaɗai ka zauna ka karanta abin da na rubuta. Zagin ya yi zafi, ban ce bai yi ba. Na kaji ma ya yi yawa. Amma wurare shida ka nuna, biyar kana da gaskiya."

"To me ya hana a gyara?"

Ya mayar da tabarau, ya juya fuskarsa wajen taga.

"Ba na ganin layukan, Malam. Hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi tun bara. Na hagu, likita ya ce kamar mai leƙe ta bakin kwalba nake, kuma bakin kwalbar ƙara tsukewa yake. Kalma biyar sai ta ci mini rabin awa. Kana cewa ina amsa maka da layi ɗaya don girman kai. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Na kalli idonsa na dama da kyau, karo na farko a rayuwata, don ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yana nan a buɗe kamar lafiyayye, amma ba ya bin komai.

"Ita uwar amaryar taka ta sani?"

"Ba wanda ya sani sai kai. Yayyenta suna nesa, ita kuma ga ciki. Na ce sai ta sauka." Ya laluba aljihu ya fito da wata takarda a ninke, ya miƙo ta ɗan gefe da inda hannuna yake. "Kalmomin sirri ne na dandali da na ma'ajiyar injin. Shekara goma sha ɗaya ina gina Tsani. Ba na son ya mutu a ɗakin nan."

"Baba, ni? Bayan duk abin da..."

"Karɓi, hannuna ya gaji."

Na karɓa da hannu biyu.

A hanya sau biyu ina wuce kwanar gidanmu. Na tarar da matata tana ninke wanki. Tana ganin fuskata ta ajiye rigar da ke hannunta ta fashe da dariya.

"Ya gaya maka ke nan! Barkono an shiga miya!"

"Ke yanzu kin kyauta? Shekara ɗaya da rabi?"

"Umarnin uba ne, ya zan yi? Kuma sau nawa na ce ka bi a hankali?"

Ta ci gaba da dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Baba ya ce a jira ta haihu, amma wata uku ne nan gaba, kuma na ga yadda ya miƙo takardar nan. Na ce ta zauna. Na faɗa mata.

Dariyar ta tsaya a fuskarta kamar an zare waya. "Wane ido? Jiya fa na kai masa magani, ya ce gyalena ya yi kyau."

"Wane launi ya ce?"

"Bai faɗi launi ba," in ji ta. Sai ta miƙe ta fara neman takalminta, ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana kiran babban yayansu a waya tana kuka.

Baba ya yi fushi da ni sosai, fiye da fushin zagin. Sati biyu in na gaishe shi "Uhm" kawai yake cewa. Amma 'ya'yansa suka taru suka kai shi wurin wani likitan, aka yi wa na hagun aiki. Abin da ya tafi bai dawo ba, sai dai an tsayar da sauran. Likitan ya ce da an ƙara wata uku, da babu abin da za a tsayar.

A dandali kuwa, ranar da Kunkuru ya sanar cewa Barkono ne zai ci gaba da kula da Tsani, sai da mutum arba'in suka tambaya ko an sace masa kalmar sirri ne. Biyu suka fice don haushi. Ba mu gaya wa kowa dangantakarmu ba.

Gyaran ya ci mana kusan wata uku, duk Asabar daga hantsi zuwa azahar. Ni ke karantawa da bugawa, shi yana kan benci ido a rufe, injin gaba ɗaya yana cikin kansa. Sai in karanto layi ya ce, "Koma sama da layi talatin, akwai wani abu da na ajiye a can." In koma in same shi. Wuri na shida da na ce kuskure ne, ashe da gangan ya yi shi, saboda wani samfurin akwatin da ban taɓa gani ba. Ya sa na kwance murfin ɗaya, ya kama yatsana ya ɗora a kan abin da yake nufi.

Sabon Tsani ya fita sati guda bayan matata ta haifi namiji. Ran nan ina tattara kayana zan tafi, ya ce in dakata.

"Sati mai zuwa ka zo da sabon littafin rubutu, mai kauri. Akwai yadda sautin akwatin nan yake aiki, ban taɓa rubuta shi ko'ina ba. Zai ɗauke mu lokaci."

Na ce, "To, Baba."