Motar Yaya a Hannun Auta

…kuma ga shi can yana dariya. Auta. Ƙafa ɗaya kan matakalar bas, burodi a hannu, yana ci yana zuba da makanike, ko a jikinsa. Lamba bakwai. Motar Yaya ce fa wannan, shekara goma sha ɗaya yana jan ta, har kujerar ta san bayansa. Yanzu an turo kujerar gaba, wai ƙafar Auta ba ta kai. Shi kuwa Yaya ga shi bayan gilashin ofishin tasha, da biro, yana rubuta wa ya fita, wa ya dawo.

Uwa ɗaya, uba ɗaya. Nono ɗaya suka sha. To ta ina ciwon suga ya bi ya tsallake Auta ya faɗo kansa? Auta, mutumin da shayinsa sai suga cokali huɗu, bai taɓa ɗaga riga ya soka wa cikinsa allura ba, bai san ana kallon agogo kafin a kai loma baki ba… A'uzubillahi. Ba fata yake masa ba. Ba fata ba ne. To mene ne?

Biron na zamewa. Tafin hannu ya jiƙe.

A'a. Ba yau ba. Zafi ne, fankar nan ce ba ta da kirki. Allurar insulin ta safe ai ya yi ta daidai, ya karya… ya karya kuwa? Ya yi allura, ya ɗauki kofi, sai ga wayar manaja, wai mota ta mutu a hanya, maza ya zo. Kofin na can gida kan tebur. Cike.

Wata uku, in ji likitan kamfani. Wata uku suga bai kayar da kai ba, sai a duba maganar mayar maka da makullin mota. Yau kwana saba'in da takwas. Saura sha biyu. Sha biyu kacal —

shataletalen nan, ranar da suga ya kayar da shi. Fasinja arba'in a baya, titi ya rabu biyu a idonsa, ƙafa na neman birki ta rasa, wata mata tana salati. Bas ta hau gefen titi ta tsaya. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi, Allah ya tsare. Amma da kunnensa ya ji wani yana cewa, buguwa ya yi. Shi! Da furfurarsa!

Alawar da ya ajiye saboda faɗuwar suga na cikin aljihun tebur, ƙasan hannunsa. Guda uku. Amma ga manaja can a gabansa, taku biyu, ya ɗora tabarau a karan hanci. Ledar alawa kuwa bakinta ba ya shiru. Yana ji zai ɗago: Malam, abin ne? Shi ke nan, a rubuta, a koma kwana ɗaya. Bari ya fita tukuna. Zai fita. Kullum war haka yana fita… me ya zaunar da shi yau?

Leɓe ya yi nauyi. Lambobin littafi na iyo.

Har 'yarsa ma. Jiya: Baba, ka bari Baffa Auta ya kai ni makaranta, Mama ta ce kar in ƙara hawa bayanka a babur. Baffa Auta. Wa ya koya masa sa giya? Wa ya goya shi ranar da ya taka kwalba? Yanzu shi ne hannun da ba ya rawa, shi ne wanda ake miƙa wa yara hankali kwance. Dubi wuyansa. Lafiya har ta yi masa yawa, bai ma san yana da ita ba.

Yana kallo nan. Me yake kallo? Ya sauko. Kar ka zo. Wallahi kar ka —

Ƙofa. Kwalbar lemo biyu, a buɗe.

"Yaya, taya ni da ɗaya, an ba ni biyu."

Ya dire ta daidai hannunsa, ya juya ya tokare tsakaninsa da manaja da wannan faffaɗan bayan nasa, ya shiga ƙorafin birkin lamba bakwai, wai yana kuka. Ƙarya ne. Birkin nan lafiyarsa ƙalau, Yaya ya fi kowa sani. Hannu biyu ya kama kwalbar, bakinta na bugun haƙori. Zaƙi. Sanyi. Sha. Ƙara sha.

Tun daga can Auta ya gane. Ta cikin gilashi, da burodi a baki, ya gane abin da shi mai jikin yake musu. Ya rufa masa asiri, bai ko jira godiya ba, ya fice. Ga ƙarar inji. Ga bas tana ja baya, sumul, ba gargada.

Da a ce yau shi Yaya ne a sitiyarin nan, da mutum arba'in a baya, yana cewa zafi ne…

Gumi na bushewa. Matarsa takan ce wa yara, in ya yi musu tsawa, ku yi haƙuri, ba babanku ba ne, suga ne, yana hawa zai huce. To ya hau. Ido ya washe, hannu ya tsaya cak. Yana zaune yana jiran abin nan da ya tokare masa ƙirji game da Auta ya bi sauran ya tafi.

Yana jira.

Bai tafi ba. Ashe wannan ba na suga ba ne… wannan nasa ne.