Dashen Albasar Mutumin Kuberi

Ni dai ban son mutum mai saurin cewa shi ke nan. Shi ya sa ranar nan raina ya ɓaci da bawan Allah nan, alhali ban taɓa ganinshi ba.

Ranar kasuwar Jega ce, ana zafin kaka mai dafa mutum da ranshi. Ina rumfata bakin hanyar Maiyama ina suyar ƙosai, sai na ji ƙarau! Wani babur ya tsaya gabana, sarƙa ta tsinke tana jan ƙasa. Mai shi magidanci ne, ya ɗauro buhu bayanshi, ganye ya leƙo ta baki. Ko ban tambaya ba na san dashen albasa ne, an tuge shi da safe a Aliero.

Ya yi sallama, ya tambayi bakanike. Na ce mashi bakaniken ya tahi kasuwa, kuma in ya shiga Jega sai dai gobe. Mutumin ya zauna ƙasa dirshan.

"Ina zuwa, Malam?"

"Kuberi, Inna. Sunana Abdulhadi. Irin da na yafa ruwan ƙarshen damina ya cinye shi. Wanga shi ne na ƙarshe da na samu. In bai shiga ƙasa yau ba, bana ba ni da albasa." Ya taɓa ganyen, duk ya langaɓe. "To, haka Allah Ya so."

Kai! Na aje matsami. "Allah ne Ya ce ka zauna kana kallonshi shina mutuwa? Tashi ka kwance buhun nan!"

Na miƙa mashi 'yar fartanyar da nake share gindin murhu da ita. Ya tona rami ƙarƙashin dogonyaro, munka jera ƙullin dashen, saiwa ƙasa, na kwara ruwan jarkata, na jiƙa buhun na rufe. Ƙasar ta shanye kamar ban zuba komi ba. Na ɗauko jarka ta biyu.

"Inna, da mi za ki dama ƙullu?"

"Ƙullunka ne?"

Ruwa ya ƙare, rijiya kuwa tana can cikin gari, ga gwiwata ba ta kai ni. Sai na koma tare mutane. Wata Bafulatana ta juye rabin gorarta, ba ta ko tambayi na wa ne ba. Wani mai kaji ya ba da ruwan butarshi. Wani kuma ya ce ai wahalar banza nake, na ce ya wuce da bakinshi tunda ba ruwa cikinshi.

Wajen azahar ganye ya ɗan miƙe. Amma inuwa ba gona ba ce, dole dashen nan ya kai Kuberi da sauran rana. Motoci na wucewa maƙil da buhunan gero, ba mai tsayawa. Da na hango babur mai ƙafa uku ɗauke da awaki, sai na shiga tsakiyar titi na tsaya.

Ya taka birki da ƙarfi. Maccido ne, wanda ke jigilar dabbobi. "Haba Inna Gudiya! So kike ki ja mini?"

"So nake ka kai mutumen nan Kuberi."

"Ni Giwa Tazo na nufa."

"To yau ka ratse. Awakin ba su da alƙawari da kowa."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya sauko ya matsar da awakin, munka maida dashen cikin buhu, ya ce a riƙe buhun bisa cinya don kar su cinye. Sai kuma Abdulhadi ya tsaya shina kallon babur ɗin da ya lalace, ya ce na ƙanenshi ne, aro ya yi. Na gane, bai san ni ba, ina zai bar kayan mutane?

Na ce, "Malam, babur ba ya jin ƙishirwa. Cikin ɗakina zai kwana. Hau!"

Ya dube ni, ya dubi buhun, ya hau.

Ranar ban ƙara suya ba. Kwanakin da sunka biyo kuwa, kunya ma nake ji in faɗi, ko wace mota ta rage gudu sai na miƙe. Ni da ban da ko fangalin albasa guda, ga ni ina fargabar albasar wani.

Ran nan da hantsi sai ga Abdulhadi ya sauko daga wata bas, ƙafafu duk busasshen taɓo. Ya fara gaisuwa, na katse shi.

"Bar gaisuwar. Sun kama?"

"Sun kama, Inna. Maƙwabta sunka taru munka dasa kafin magariba. Jiya na ba su ruwa, duk sun tsaya."

Wallahi na ji daɗi ƙwarai. Na ce ya je ya fitar da tarkacen babur ɗin nan, ya tare mini ɗaki. Shina tahiya na juya baya na share idona da bakin zane, kaskon ƙosai kuwa ya ƙone ƙurmus ban ko ji ƙauri ba.