Faɗuwar Sarki Lambert

Farfaɗiyar gaske ce ta kama Lambert a kan dandamali, da rana tsaka, a gaban rabin mutanen Landan.

Giles kaɗai ya san yana da ciwon. Shekara tara suna wasan kwaikwayo tare yana rufa masa asiri, don ranar da maigida Dunstan ya ji, Lambert ya bar gidan wasa ke nan, kuma babu mai ɗaukar wanda ake cewa aljanu na kayar da shi. Ga 'ya'ya huɗu.

A sabon wasan Lambert ne sarkin da ke faɗuwa idan aka gaya masa birninsa ya ƙone. Yadda suke yi, mutum ya ɓoye guntun sabulu a kunci, ya tauna, ya yi kumfa, ya yi ta shure-shure. Giles ne manzon da ke kawo labarin. Ranar bai ko buɗe baki ba ya ga idon Lambert ya kafe. Sarki ya zube kamar buhu, kambinsa ya gangara cikin 'yan kallon da ke tsaye.

Giles ya durƙusa ya baza alkyabbarsa, ya kare wandon Lambert da ya jiƙe da fitsari. Babu cokali kusa, sai ya cusa yatsunsa biyu tsakanin haƙoran, yadda kowa ya san ana yi. Haƙori ya kai ƙashi. Duk da haka ya ɗaga murya ya ƙago magana nan take, wai sarki ya hango wutar tun kafin labari ya iso. 'Yan kallo suka yi ta buga ƙafa don yabo. Wata mai sayar da tuffa ta fashe da kuka.

A ɗakin sauya kaya Lambert ya farfaɗo yana tambayar inda yake. Dunstan ya shigo, ya dubi hannun Giles, ya dubi sabulun da ke bushe a kan benci. Giles ya fara kame-kame, wai Lambert ya sha giya ne bai ci komai ba.

"Rufe min baki, Giles. Ƙarya a kan dandamali nake biyan ka, ba a nan ba."

Lambert ya sunkuyar da kai, ya ce zai kwashe kayansa.

Dunstan ya ce, "Ka kai su ina? Uwata shekara talatin tana faɗuwa haka, ta raine mu mu bakwai, ba aljanin da ya taɓa zuwa taya ta wanki. Abin da ya ɓata min rai, ka faɗi kafin lokacinka."

Washegari ya sa marubucin gidan ya ƙara baiti shida, kowane ɗan wasa ya haddace, ko mai riƙe mashi. Duk inda sarki ya faɗi, na kusa da shi ya durƙusa ya karanta, wasa ya ci gaba. Sau biyu aka buƙace su a shekarar, ba wanda ya gane. Lambert ya yi ƙiba, ya koma zagin mutane kamar da.

Giles kuwa yatsun nan biyu suka warke a sanƙare. Takobi ya daina zama a hannunsa, aka ba wani matsayin jarumi. Tun yana ɗan arba'in yake sa farin gemu yana fitowa a tsoho mai sanda, har ya bar sana'ar.