Wandon Keken Talle

Shekara tara ina ɗinki a Utaiƙa, wata unguwa a birnin Riyad. Duk Bahaushen da ke unguwar nan, daga leburan Maraɗi har injiniyan Kano, ni Saidou na san faɗin ƙugunsa ba sai na ɗauko tef ba. Shi ya sa abin da Talle ya yi mini a sanyin 1984 ya tsaya mini a wuya.

Talle ƙanin matata Zeinabou ne, masinja a wani ofishi a unguwar Ulaya, kuma da keke yake zuwa aiki. Wanduna uku na ɗinka masa, sarƙar keke ta cinye ƙafafunsu kaf. Ga sanyin Riyad da safe, mai shiga har ƙashi. Wata rana ya zo shagona yana hura hannu.

"Yaya, akwai wani Bature a ofishinmu mai hawan keke," in ji shi. "Wandonsa na ulu ne mai kauri, tuwid suke ce masa. Iyakarsa ƙasan gwiwa, da maɗauri. Ba ruwansa da sarƙa, ba ruwansa da sanyi. Na zaga kasuwa ban samu ba. Ka yi mini irinsa mana."

Na yi dariya har da buga teburi. "Kai da gemunka za ka sa wandon 'yan firamare? Je ka nemi roba ka ɗaure ƙafa!"

Gaskiyar magana ban san yadda ake yanka shi ba ne, amma wa zai faɗi haka a gaban masu jiran ɗinki?

Bayan mako uku, sai ga Talle ya taka birki a ƙofar shagona cikin wandon. Ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo, ya zauna masa ɗas. Mutanen da ke zaune a bencina, masu shan shayina, suka miƙe suka kewaye shi. Wannan ya shafa gwiwa, wancan ya ja maɗauri. Har Basiru direba, wanda na ɗinka wa kayan angwanci, ya ce, "Mashallah! Wannan telan ya san hannunsa. Ina shagonsa?"

A ƙofata fa! Wallahi sai da na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

"Wa ya ɗinka?" na tambaye shi.

"Tsohuwar kwat na samu a kasuwar gwanjo, aka warware," ya ce, yana kallon tayar kekensa.

"Na ce wa ya ɗinka?"

"Wani ne, Yaya."

Wani! Na je gida na kasa cin tuwo. Na ce wa Zeinabou, "Ƙaninki ya ci amanata. Ya kai ɗinki wurin wani Bapakistane. Kuma ki ga aikin, kamar buhun gawayi!" Sai ta ƙara mini miya. Ita dama ba na sa ta a zancen sana'a. Sau ɗaya ta taɓa zama a kan keken ɗinkina, na ce ta tashi kada ta karya mini allura.

Kwana huɗu ina zaga shagunan teloli kamar mai cigiyar akuya, ina leƙen ko zan ga ƙyallen yadin a ƙasa. Ban gani ba. Mutum biyu kuma suka zo suna tambaya ko zan iya yi musu irin na Talle. Na ce ba na ɗinkin shirme. Suna fita na ga sun nufi wani layin, kishi kamar ya kashe ni.

Ranar Alhamis na kira Talle na ce maɓallin ƙugunsa ya yi lako-lako, ya bar mini wandon in gyara. Ya ba ni, ya ce don Allah Asabar da sassafe zai sa. Yana juya baya na ja ƙofar shago na juya wandon ciki waje, ina neman aibu.

Babu. Ɗinkin hannu ne, ba na keke ba, amma ya fi na kekena daidaita. A mazaunin an saka wani ƙyalle mai lanƙwasa, an ninka shi yadda sirdin keke ba zai ci shi ba. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na ce in na warware na ga yankan, gobe ni ma in yi goma. Na ɗauki reza.

Wandon ya rabu gida goma sha ɗaya. Na zana kowanne a takarda, na zo mayarwa, sai abu ya ƙi. In haɗa nan, can ya tattare. Na yi ta fama har la'asar, gumi na zuba duk da sanyin nan.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ƙunshe ƙyallayen a leda na kai gida, don kada wani ya leƙo shago ya ga abin kunya. Na baje su a tabarma na zauna na zuba tagumi. Zeinabou ta shigo da shayi, ta tsaya a kaina.

"Abu," na ce mata, don haka nake kiranta, "na shiga uku. Ƙarya na yi miki, ba buhun gawayi ba ne. Ko wane ne mutumin nan, ya fi ni. Wallahi ya fi ni nesa ba kusa ba, kuma na tsane shi."

Ta ajiye shayin. Ta durƙusa ta ɗauki ƙyallen mazaunin, ta juya shi.

"Malam, ka kifa shi ne. Nan ne gaba."

Na buɗe baki in ce me ta sani, sai idona ya faɗa kan aljihun da ke hannuna. Kwana biyu ina juya shi ban lura ba. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, wadda na saya mata da hannuna shekarar da muka zo. Sai a lokacin na tuna mahaifinsu baduku ne a Damagaram, kuma ita ce take riƙe masa fata tun tana ƙarama.

Ta zaro allura daga bakin ɗankwalinta, ta lashi zare, ta zura shi a karo ɗaya.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" na ce.

"Ka ce in tashi kada in karya maka allura," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Riƙe mini nan, Malam. A'a, ba haka ba. Kada ka ja."

Na riƙe yadda ta ce.