Sai Mutuwa Ta Kusanto

Lasifikar da aka ɗaura a bayan mota ta hana ni jin abin da lauyarmu ke faɗa. Muna tsaye a bakin babbar kotu, rana tana dukan ƙeya, 'yan coci sun cika titi da ƙyallaye masu launin sama a wuya suna waƙa. A cikinsu har da Kawu Dagoberto, ƙanen mahaifiyarmu.

Ƙanwata Nohemí tana kwance a asibitin gwamnati, ga ƙaramin ciki ga ciwon zuciya. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye, zuciyar nan ba za ta ɗauki mutum biyu ba. Amma doka ta hana a cire ciki ko ta halin ƙaƙa, wanda ya taɓa sai gidan yari. Shi ya sa muka kawo kuka kotu, tunda tsarin mulki ya ce ita ma tana da haƙƙin rayuwa.

Kawu ya hango ni, ya ratso mutane yana share zufa.

"Griselda, ki koma ki soya wainar pupusarki, ki daina ja mana abin kunya," in ji shi. "Mu muka zaɓi 'yan majalisa, su suka yi doka. Dubi jama'a! Alƙalai 'yan tsiraru ne za su ture abin da ƙasa duka ke so?"

"Kawu, ƙasa duka ce ke kwana a zaune tana kokawa da numfashi? Yaushe aka fara kaɗa ƙuri'a a kan zuciyar mutum?"

"Allah zai raya su duka biyun."

"Amin. To je ka faɗa mata da bakinka mana. Ko sau ɗaya ba ka leƙa ta ba."

Ya gyara ƙyallen wuyansa ya koma cikin masu waƙa.

* * *

Alƙalai suka yi ta jan ƙafa, yau a kawo rahoton likita, gobe a kawo wani, ƙafafun Nohemí kuwa suna ta kumbura. Ranar da hukunci ya fito, Lauya Amaya ta same ni a barandar asibiti tare da Likita Quintanilla.

"Sun ce sauya doka aikin majalisa ne," in ji ta. "Amma sun yarda ranta ma rai ne. Likitoci na iya ceto ta idan mutuwa ta kusanto."

"Madalla!" na ce. "Likita, sai a shirya ɗakin tiyata."

Bai motsa ba. "Kusa kamar yaya? Sun faɗa?"

Lauya ta girgiza kai.

"In na yi sauri, mai gabatar da ƙara zai ce ai ba ta kusanto ba. Ni ma ina da iyali, Griselda."

Kai, ranar na yi masifa har mai gadi ya taso. Majalisa ta ce jama'a ne, kotu ta ce majalisa ce, yanzu likita ya ce kotu ce. Kowa ya zame, an bar yarinya da zuciyarta ita kaɗai. Na gaji, na rantse na gaji.

* * *

Washegari nas ta shigo da auduga da 'yar kwalba, ta kama hannun Nohemí ta soma goge mata jan farce.

"Haba, 'yar'uwa," in ji Nohemí tana haki, "'yar kwalliyar da ta rage min ke nan."

"Likita ne ya ce. Yana so ya riƙa ganin launin faratan. In sun yi shuɗi, za mu iya rubuta cewa lokaci ya yi."

Nohemí ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Yaya, ke ce mai ido. Ki riƙa duba min."

Na ja kujera na ɗora hannunta a cinyata. Faratan suna nan jajaye, lafiya lau. Na buɗe baki zan yi mata addu'a, sai na rasa wane launi zan roƙa.