Gada a Bakin Ruwa

Shekara shida tsohon malamin lissafin ya yi yana rubuta littafinsa. Labarin wani zamani ne da ruwa ya cinye duniya, ya bar tsibiri ɗaya da mutum ɗari uku a kai. Ba shiga ba fita. Ya ce sai an kewaye ɗan Adam da ruwa ake sanin halinsa. Shi dai ko a gidansa haka yake son abubuwa, ƙofa a rufe, kowa a ƙirge.

Bangon littafin ya ba 'yarsa ta zana. Ita ce wadda ya taɓa yaga wa takardun zane tana 'yar shekara sha huɗu, kuma tun da ta yi aure gaisuwar waya kawai ke haɗa su. Wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a hannunta, yana kuma tsoron ya zama na ƙarshe.

Da hantsi suka haɗu a shagon mai ɗab'i, inji na ƙara, warin tawada ya cika ɗakin. Ta warware zanen a kan tebur, ta danne gefensa da kwalbar gam. Ga tsibiri, ga ruwa. Ga kuma wata doguwar gada ta miƙe daga gaɓa ta shige cikin gajimare.

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Jimlar ƙarshe ta littafin ita ce: “Da gari ya waye, sai suka hango gada a bakin ruwa.” Shi gadar daji yake nufi, 'yar dabba mai ƙananan ƙaho, alamar cewa rai bai ƙare ba. Rubutu kuwa bai bambanta su ba.

Mai ɗab'i, wanda ya sha jin labarin dabbar har ya gaji, ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba a aljihun tebur.

“Baba, a nan na yi kuka,” in ji ta. “Shafi ɗari biyu ina jin haushinka. Na ce mutumin nan ba zai bar kowa ya fita ba. Ashe ka ajiye musu hanya.”

Malam ya sake duban zanen. Gadar nan ta rushe masa ginin shekara shida, domin tsibirin da ake takawa a fita ai ba tsibiri ba ne.

“Bai yi ba ne?” Ta kai hannu za ta naɗe takardar.

“Bar shi,” ya ce. Ya juya ga mai ɗab'i. “Buɗe min shafin ƙarshe, akwai gyara.”

Mai ɗab'i ya buɗe a kwamfuta, yana satar kallon yarinyar.

“Inda aka ce gada,” in ji Malam, “mai da shi gadar ƙarfe. Kada wani ya ɗauka dabba ce.”